Waiwaye: Jiran Isawa da Littafin da Ke Hannunmu

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, duk wanda ka tambaya yadda aka yi Bahaushe ya zama Kirista, amsar da za ka fi ji ita ce Bature ne ya zo da makaranta da asibiti, ya tattara marayu da kutare ya yi musu baftisma. Maganar ba ƙarya ba ce ɗungurungum. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Turawa ta danƙa wa 'yan mishan na SIM asibitocin kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, kuma mutane da dama a can suka fara jin bishara suna jinya. A ƙasar Zuru da Yawuri ma da aji da ɗakin shan magani mishan ya shiga. Sai dai akwai wani labarin da ya girmi mulkin Turawa da kusan shekara arba'in, wanda mu Masihiyawa kanmu muka yi sakaci da shi. A zauren wani malami ya fara, cikin birnin Kano.

Zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami mai suna Ibrahim, mai almajirai, wanda ake jin maganarsa har a fada. A cikin karatunsa na Alƙur'ani sai hankalinsa ya tsaya cak a kan Annabi Isa ɗan Maryamu. Sau 25 sunan ya zo a littafin, kuma abin da aka faɗa a kansa ba ƙarami ba ne: an haife shi ba uba, ya yi magana yana jariri, ya warkar da makaho da mai albaras, ya ta da matattu da izinin Allah, an kira shi Almasihu, an kira shi Kalma daga Allah da Ruhi daga gare shi, an ɗauke shi zuwa sama, hadisai kuma sun ce zai dawo. Duk gardin da ya yi sauka ya bi ta kan waɗannan ayoyi. Malam Ibrahim shi ya ƙi wucewa. Ya riƙa tambayar kansa, wane ne wannan da aka tara wa irin waɗannan siffofi, kuma ina sauran labarinsa yake? Ya fara koya wa almajiransa girmama Isa har ya kai matsayin da malaman fada suka ga ya ƙetare iyaka. Aka nemi ya janye, ya ƙi. Aka tsire shi a kasuwar Kano, wajajen 1867.

Almajiransa suka watse. Wasu suka nufi duwatsun Ningi, inda mutanen Malam Hamza suka riga suka kafa zango suna ja da Kano, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Aka riƙa kiransu Isawa. Ruwayar da jikokinsu suka riƙe ita ce malaminsu ya bar musu wasiyya su yi haƙuri su jira, wata rana wasu za su zo da littafin da ke ɗauke da cikakken labarin Isa. A nan wajibi ne mu kame bakinmu daga ƙara gishiri. Isawa ba Kiristoci ba ne a ɓoye. Musulmi ne masu salla da azumi, Alƙur'ani ne littafinsu, kuma da yawa daga cikinsu a kan haka suka rayu suka mutu. Masana tarihi irin su Ian Linden sun nuna cewa akasarin abin da muka sani game da su ta hannun 'yan mishan ya iso mana, su kuwa suna da nasu buri a labarin. Amma ko an tace shi sau goma, abu biyu ba sa fita: karatu ne ya haifar musu da tambaya, kuma sun yarda su sha wuya saboda tambayar.

Ba su kaɗai ke jira ba. Ƙasar Hausa gaba ɗaya a wancan zamani cike take da zancen ƙarshen duniya. Ƙarni na goma sha uku na Hijira yana ƙarewa, Mahadi ya bayyana a Sudan a 1881, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a. Kowane almajiri ya san jerin: Mahadi, sai Dujal, sai saukowar Annabi Isa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, mutane da yawa suka ɗauka lokacin ne ya yi. Nan kusa da mu abin ya fashe, a Satiru, kudu da Sakkwato. Talakawa da bayin da suka gudu suka taru ƙarƙashin wani Malam Isa, ɗan mutumin da ya taɓa cewa shi ne Mahadi, tare da wani makahon malami da ya tsallako daga ƙasar Faransi, Ɗan Makaho. A watan Fabrairu 1906, da gatura da fartanya da baka, suka karya rundunar Turawa suka kashe jami'ansu uku. Wata guda bai cika ba aka dawo musu da bindigar ruwa, aka kashe mutum wajen dubu biyu, aka share garin. Ƙurar ta iso har ƙasarmu, domin a shekarar ce Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu bisa zargin ya san da zancen, suka naɗa Haliru. Ban taɓa karanta labarin Satiru ban ji tausayi ba. Zalunci ne ya ishe su, suka nemi mai ceto. Amma in ka ajiye su kusa da Isawa, za ka ga kowa na kiran sunan Isa, wanda ake jira ne ya bambanta. Na Satiru mai takobi suke jira, wanda zai kori azzalumi yau-yau. Isawa littafi suke jira, don su san ko wane ne shi.

Littafin ya zo, a hankali. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya ce su tattara su bar masa gari. A 1905 ya samu ya zauna cikin birnin Zariya, yana magani, yana koyar da yara, yana fassara. Shekaru suka yi ta wucewa, masu tuba ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka zo da ƙafarsu suka same shi, suka ce suna son su ji labarin Isa daga littafin da ke hannunsa. Ba shi ya je nemansu ba. Daga baya aka ba waɗanda suka karɓi bishara fili a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka sare daji suka kafa gari, da makaranta da majami'a, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan mai suna Thompson yana lura da su.

Da a ce tatsuniya ce, nan za a ce suka zauna lafiya suka yi arziki. Ba haka aka yi ba. Dajin Gimi matattarar ƙudan tsando ne, ciwon barci ya shiga garin. Mutum ya fara da zazzaɓi da kumburin wuya, ya koma gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, hankali ya gushe, ya mutu. Cikin 'yan shekaru garin ya zama kufai. (Annobar ta ci wannan yanki har sai da gwamnati daga baya ta tashi mutanen Ancau ta gina musu sabon gari, Takalafiya.) Mutanen da kakanninsu suka yi shekara arba'in da ɗoriya suna jira, abin da suka fara girba bayan baftisma kaburbura ne. Maƙwabta kuwa ba sai an faɗa maka abin da suka ce ba. Duk da haka waɗanda suka tsira ba su juya baya ba. Suka koma Zariya, kuma da aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa a 1929, da su aka kafa wurin. Daga wannan tsatso Malam Bulus Audu ya fito, mahaifin Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje zamanin Shagari. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila da abokan aikinsa Turawa da Hausawa suka daɗe suna yi. Ragowar mutanen Gimi suka riƙe shi da hannunsu, daga Farawa har Wahayi.

Me ya riƙe su? Ba zan sa musu magana a baki ba. Amma na san abin da ke cikin littafin da suka karɓa, kuma na san bai taɓa yi wa kowa alkawarin cewa bin Almasihu zai raba shi da kabarin ɗansa ba. Hasali ma almajiran Yesu na farko irin tunanin mutanen Satiru suke da shi. Romawa sun danne ƙasarsu, haraji ya yi musu katutu, suna jiran ɗan Dawuda ya zo ya karɓe mulki. Da aka gicciye malaminsu sai komai ya rushe musu. Luka, a sura ta 24, ya ba da labarin biyu daga cikinsu suna komawa ƙauyen Imuwasu jiki a sanyaye, suna cewa dā sun sa rai shi ne zai fanshi Isra'ila. Yesun da ya tashi ya tarar da su a hanya, ba su gane shi ba. Abin da ya yi musu ya daɗe yana ba ni mamaki. Yana da ikon ya nuna musu tabon ƙusa a gama magana nan take. Maimakon haka sai ya buɗe musu karatu, ya bi da su ta littattafan Musa da na annabawa, yana nuna musu cewa tun can an rubuta Almasihu zai sha wuya kafin ɗaukaka. Sai da karatu ya zauna sannan ido ya buɗe. Manzo Bulus ma, da yake rubuta wa Korantiyawa wajen shekara ashirin da biyar bayan gicciyen, da ya zo taƙaita bangaskiyar da ya karɓa, sau biyu ya jingina mutuwar da tashin ga abin da Littattafai suka riga suka faɗa.

Ɗauki annabcin Zakariya, sura ta 9. Annabin ya yi wa Urushalima albishir da zuwan sarkinta, mai adalci, mai tawali'u, a kan jaki, kuma ya ce za a kawar da dokin yaƙi da baka, sarkin ya yi wa al'ummai maganar salama. Bature na iya karanta wannan ya wuce. Mu da muka tashi muna kallon hawan salla mun san nauyinsa. Sarki a kan ingarma yake, da laima da kakaki da dogarai, ƙura na tashi. Jaki kuwa na mangalar taki ne, na jido buhun shinkafa daga fadamar Zauro zuwa gida, yaro na bin sa da tsumagiya. Ko dagacin da ya fi kowa talauci ba zai shiga gari a kan jaki ranar naɗinsa ba, gara ya ari doki. Linjila huɗu duka sun kawo labarin yadda Yesu ya shiga Urushalima a kan jakin aro, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi. Mai shakka zai ce ai wannan ba wuya, kowa ya san annabcin zai iya aron jaki ya cika shi. Gaskiya ne, da gangan ya yi. Kuma a nan ƙarfin abin yake. Taron da ke masa kirari doki suke so ya hau. Shi kuwa ya nuna musu a bainar jama'a irin sarkin da ya zo ya zama, yana sane da abin da hakan zai jawo masa.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne Ishaya, sura ta 53. Annabin yana bayyana wani bawan Allah da aka raina aka ƙi, wanda masu kallo suka ɗauka Allah ne ke hukunta shi, ashe laifin masu kallon ne ya ɗauka. An zalunce shi bai kāre kansa ba, an kashe shi an binne, sannan annabin ya juyo yana maganar tsawon ransa da yadda zai sa mutane da yawa su zama barata a gaban Allah. Zabura ta 22 kuma kukan mai adalci ne da maƙiya suka kewaye suna masa ba'a, suna jefa ƙuri'a a kan tufarsa, amma ta ƙare da dukan kabilun duniya suna juyowa ga Ubangiji. Da farkon wannan zabura Yesu ya yi kuka a kan gicciye. Kuma abin alfahari ne gare mu cewa mutumin da Sabon Alkawari ya nuna mana yana fama da surar nan ta Ishaya ɗan Afirka ne, ma'ajin sarauniyar Habasha, yana komawa gida a karusarsa yana karatu da ƙarfi. Tambayar da ya yi wa Filibus a Ayyukan Manzanni sura ta 8 tambayar malami ce tsantsa: annabin nan da kansa yake, ko da wani? Irin tambayar da ta kai Malam Ibrahim kasuwar Kano ke nan.

Akwai masu cewa Kiristoci ne suka shigar da waɗannan surori daga baya. Wannan zargi ya mutu a 1947, lokacin da makiyaya Larabawa suka tsinci tuluna cike da naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran, gefen Tekun Gishiri. A cikinsu akwai littafin Ishaya, surori 66 ɗin duka, a kan fata, wanda masana suka ce an kwafe shi fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Yesu. Yana nan a Urushalima, sura ta 53 na ciki. Gicciyen kansa ma ba Kiristoci kaɗai suka ambace shi ba, Tasitus, marubucin tarihin Romawa wanda ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, ya rubuta cewa Bilatus ya kashe Almasihu zamanin Kaisar Tibariyas. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa da wannan an rufe bakin kowa. Yahudawa, masu littafin na asali, ba su karanta surar yadda muke karantawa. Babban malaminsu Rashi, wanda ya rayu a Faransa a ƙarni na 11, ya fassara bawan da cewa al'ummar Isra'ila ce mai shan wuya a hannun al'ummai, kuma yana da madafa, domin a wasu surori na kusa an kira Isra'ila bawan Allah ƙarara. Amsarmu ita ce bawan sura ta 53 ba shi da laifi, kuma saboda laifin mutanen annabin aka buge shi, alhali Ishaya bai taɓa wanke Isra'ila daga laifi ba. Muhawara ce tsohuwa, tun Jastin Mai Shahada ya rubuta tattaunawarsa da Bayahude Tirifo a ƙarni na 2 ake yinta. Kirista ya kamata ya san da ita. Shi ya sa ba na jin daɗin ƙasidun nan da ake rabawa masu cewa annabci ɗari uku da wani abu sun cika, a bi da lissafi mai sifiri rututu. Da yawa daga ayoyin da suke jerawa an fizgo su ne daga muhallinsu, kuma yaron da aka gina a kansu, ranar da ya gamu da mai ilimi zai ji kunya. Gara ya san surori biyar ciki da bai, ya san abin da ya zo kafinsu da bayansu.

A gidanmu na fara ganin amfanin wannan. Mahaifina mutumin ƙasar Zuru ne, malamin firamare, aiki ya kawo shi yankin Zauro ina yaro. Maƙwabcinmu wani dattijo ne mai makarantar allo, kuma shiri ya haɗa su sosai. Bayan la'asar sukan zauna a tabarma ƙofar gida har sauron fadama ya kore su. Wata rana da kaka, ana cikin sussukar shinkafa, zance ya kai su kan gicciye. Dattijon ya ce, "Ticha, abin da ya kasa shiga kaina ke nan. Yaya Allah zai bar annabinsa, Ruhinsa, a hannun maƙiya su tozarta shi tsirara a kan itace? Ko sarkin duniya ba ya barin a wulaƙanta manzonsa."

Baba bai yi gardama ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a ba yaro izini ya karanta mana wani wuri." Ya aike ni na ɗauko littafinsa, baƙin bango, gefen takardu ja, kullum a naɗe cikin leda saboda gara. Ya buɗe mini Ishaya ya ce in fara daga ƙarshen sura ta 52. Na karanta ina tuntuɓe, shi kuwa dattijon ya sunkuyar da kai yana jan casbi a hankali. Da na kai aya ta ƙarshe ya ɗago ya ce, "Wannan daga Linjilarku ne?" Baba ya ce a'a, annabi ne na Bani Isra'ila, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Isa, kuma littafin yana hannun Yahudawa har gobe, su da ba su yarda da Isa ba. Dattijon ya ce in sake karanta tsakiyar. Na sake. Sannan ya ce, "Ticha, ni Alƙur'ani ya gaya mini a Suratun Nisa'i ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, kuma a kan haka zan mutu in Allah ya so. Amma yau na san ba daga iska kuka ɗauko maganarku ba." Ya juyo gare ni ya ce, "Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka riƙe karatu." Aka kira magariba ya tashi. Bai zama Kirista ba, Baba bai musulunta ba. Amma daga ranar, in almajiransa suka tsokane mu da cewa muna bautar gunki, shi da kansa yake tsawata musu. A ƙasar da Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta tafsiri, mutane suna ganin girman wanda ya zo da nassi, ko ba su yarda da shi ba. Wanda ya zo da ihu kawai ba su da lokacinsa.

Abin da ke damuna ke nan game da majami'unmu na yau. Kalmar annabci ta cika bakin kowa, amma ba Ishaya ko Mika ake nufi ba. Ana nufin wani mai wa'azi ya tsaya da lasifika ya ce an nuna masa wata a nan za ta yi aure kafin Kirsimeti, wani zai sami biza, wani kuma gwaggonsa ce ta ɗaure masa arziki, sai a kawo baiko na musamman a kwance. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 18, ya ba da ma'auni mai sauƙi: wanda ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba. Wa yake bin diddigi? Shekara ta zagayo, ba aure ba biza, a sake taruwa a sake biya. Mutanen Biriya, da Bulus kansa ya yi musu wa'azi, sai da suka riƙa komawa Littattafai kowace rana suna duba ko haka ne, kuma yabonsu aka yi, ba a ce sun raina manzo ba.

Illar ba a aljihu ta tsaya ba. Shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba, 'yan'uwanmu da yawa sun bar gonaki sun dawo Zuru da Birnin Kebbi suna raɓe a gidajen dangi. Matar da aka kashe mata miji, wadda shekara da shekaru ake gaya mata cewa mai bangaskiya ba ya ganin masifa, me za ta ɗauka? Ko dai ita ce mai laifi, ko kuwa Allah ya yashe ta. Ba ta taɓa jin an buɗe mata wurin da aka rubuta cewa zaɓaɓɓen Allah da kansa an yi masa wannan kallon ba, aka ce Allah ne ya buge shi, alhali shi ne mafi kusa da Allah. Mutanen Gimi sun binne 'ya'yansu sun tsaya. Mu da muke da abin da ba su da shi a lokacin, fassarar 1932 da ta 1979 da sababbi, har a cikin waya kyauta, muna tarbiyyar mutanen da iska kaɗan za ta kayar. Samarinmu da yawa suna jin kunyar riƙe littafin Hausa, sun fi son na Turanci, wanda in ka ce su bayyana maka aya ɗaya sai a yi shiru. In kana neman masu karatu na gaske a yawancin ikkilisiyoyinmu, je ka taron Zumuntar Mata, wurin tsofaffin da suka koyi baƙi a ajin yaƙi da jahilci, suna bin layi da yatsa.

Roƙona ga fastoci da dattawan ikkilisiya, daga Birnin Kebbi har Argungu da Zuru, bai fi ƙarfin kowa ba. Kafin Ista mai zuwa a ware lokaci a cikin sujada a karanta Ishaya daga sura ta 40 zuwa ta 55 da Hausa, da ƙarfi, a bakin samari da 'yan mata, ba tsallake. Surori 16 ne, biyu a mako, mako takwas an gama. A mako na ƙarshe a haɗa da Luka 22 zuwa 24. A bar mutane su yi tambaya, har da masu wuya, har da fassarar Yahudawa da abin da maƙwabtanmu Musulmi ke cewa, fasto kuma in bai san amsa ba ya je ya bincika ya dawo. Malaman makarantar Lahadi su koya wa yara sunan Malam Ibrahim da Gimi da Wusasa yadda suke koya musu Baitalami da Nazarat. Ikkilisiyar da ke da hali ta sayi littattafan Hausa ko da goma ne ta ajiye a majami'a saboda 'yan gudun hijirar da suka baro nasu a ƙauye, domin da yawansu da kayan jikinsu kaɗai suka fito.